Karen fitbul a zango da bakin sito: abin da ke jini da abin da ke hannun mai shi

 Wannan takarda taƙaitaccen bayani ne na hirar da muka yi a shirinmu na makon jiya, domin wanda bai samu ya saurara ba, ko wanda iska ta hana rediyonsa kamawa. In kana da maƙwabcin da bai yi karatun boko ba, don Allah ka karanta masa.

Abin da ya jawo maganar, wani Alhaji ne ya bugo mana waya daga Utul, ƙauyen nan na bakin kwalta, kimanin kilomita 20 kafin ka shiga Tamanrasat in ka taho daga arewa. Yana da mangaza, wato sito, inda yake ajiye buhuna kafin motoci su ɗauka, kuma sau biyu ana fasa masa kwaɗo. Wani matashi ya kawo masa tallar kwikwiyo, ya ce fitbul ne, in ya girma ɓarawo ko inuwar katangar ba zai taka ba. Alhaji ya kusa biya, sai maƙwabcinsa mai awaki ya ce shi bai yarda ba, ga 'yan akuyoyinsa, ga kuma yara da ke bi ta ƙofar siton kullum safiya. Shi ne Alhaji ya ce mini: “Yaro, ku da kuka yi karatu, karen nan mugu ne, ko sharri ake yi masa?”

Bayan wannan waya layinmu bai huta ba. Wasu suka ce ai shaiɗan ne da ƙafa huɗu. Wasu samari kuma, irin waɗanda ke kallon bidiyonsa a Facebook da TikTok, suka ce kare ne kamar kowane kare, mai shi ne kawai matsala. Ni dai da na zauna na bi abin a hankali, na ga kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi. Bari in warware maka, kai ma ka auna da kanka.

Asalin fitbul Ingila ne. Shekaru wajen ɗari biyu da suka wuce, mutanen can suna da wani wasa na rashin imani: a ɗaure bijimi a turke, a sako masa karnuka, jama'a na kallo suna caca a kan wane kare ne zai cafke hancin bijimin ya riƙe bai saki ba. A 1835 majalisar dokokin Ingila ta haramta wasan. 'Yan caca ba su tuba ba, sai suka koma haɗa kare da kare a cikin rami ko ɗan shinge a ɓoye, tunda ɓoye karnuka biyu ya fi ɓoye bijimi sauƙi. Suka riƙa haɗa barbara tsakanin karen bijimin nan mai ƙarfi da wani ƙaramin kare mai zafin nama da ake kashe ɓeraye da shi. Sunan ma daga nan ya fito, rabinsa na nufin ramin faɗa, rabinsa na nufin bijimi. Masu ƙaura suka tafi da shi Amurka, a can ya zama karen gona da na gida, ana kama dabba mai gardama da shi, ana kuma ci gaba da faɗan a ɓoye. A 1898 wata ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka ta fara rubuta shi a matsayin jinsi mai zaman kansa.

Ba wani ƙaton kare ba ne fa. Namijin asali nauyinsa tsakanin kilo 16 ne zuwa 27, bai wuce rabin buhun siminti da yawa ba. Abin da yake da shi faɗin ƙirji ne, da kaurin wuya, da naci.

Yau kuma sunan ya zama kamar yadda muke kiran kowane garin sabulu Omo. Jinsi uku ko huɗu ne masu kama da juna, ga kuma 'yan gauraye ba iyaka, duk ana ce musu fitbul. A 2015 an buga wani bincike da aka yi a gidajen ajiye karnuka huɗu a jihar Filorida ta Amurka. Cikin karnuka 120, ma'aikatan da aikinsu ke nan kullum sun nuna 62 suka ce fitbul ne, da aka gwada jini sai 25 kawai suka fito. To, in ƙwararru sun ruɗe haka, kai da aka kawo wa kwikwiyo a kwali, an yanke masa kunnuwa don ya yi kama da na hoto, me ka sani game da uwarsa da ubansa? Wannan ka riƙe shi tukuna, za mu dawo kansa.

Yanzu maganar jini. Samarin da suka ce jini ba komai ba ne, ina jin ba su taɓa kiwo ba. Kai makiyayi ka san saniyar Azawak da saniyar Bororo ba halinsu ɗaya ba. Ta Azawak mai sanyin hali ce, ga nono, shi ya sa aka daɗe ana renon irinta a gidan gonar Tukunus da ke yankin Filinge. Jar saniyar Bororo kuwa mai ita kaɗai ta sani, ta bi muryarsa kwana da kwanaki, baƙo ya matso ta ɗaga ƙaho. Ba wanda ya koya mata, haka aka zaɓi iyayenta shekara da shekaru. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kare ma haka yake. Wanda aka zaɓi kakanninsa saboda kamu da riƙewa da rashin ja da baya, ba mamaki a ga ɓurɓushin wannan a jikinsa.

Sai dai ka lura da inda ɓurɓushin ya fi fitowa. A 2008 masu bincike a jami'ar Fensilbaniya sun tattara bayanan masu karnuka a kan jinsi sama da talatin. Wajen kai wa mutane cizo, wasu ƙananan karnuka ne irin na ɗaki suka zo a gaba, fitbul bai yi fice a nan ba. Inda ya yi fice shi ne faɗa da 'yan'uwansa karnuka. Wannan ya yi daidai da tarihinsa, domin a ramin faɗa mutane ne ke shiga su raba karnukan da hannu, abokin gabarsa dabba ce. Ga mutumin birni mai zama a bene, wannan ƙaramar magana ce. Ga ka kuwa mai awaki da tumaki da jakuna da karnukan zango, ita ce babbar magana. Maƙwabcin Alhaji mai awaki bai yi karatu ba, amma abin da ya hango yana da tushe.

Akwai kuma bambanci tsakanin yawan cizo da munin cizo. Ƙaramin kare zai iya cizonka sau goma ka sa magani ka wuce. Kare mai ƙarfi da ya kama ya riƙe yana girgiza kai, sau ɗaya ya isa, musamman in yaro ne, da fuskarsa da wuyansa ke daidai bakin karen. Amma zancen da ake yi wai muƙamuƙinsa yana da makulli, in ya ciza sai ya kulle, wannan tatsuniya ce. Likitocin dabbobi sun duba, ƙashin bakinsa irin na sauran karnuka ne. Naci ne ke hana shi saki.

Daga ina mugun sunan ya samo ƙarfi? A shekara ta 2000 an fitar da wani rahoto a Amurka, da hannun masana na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, a kan mutane 238 da karnuka suka kashe daga 1979 zuwa 1998. Jinsi aƙalla 25 ne ke ciki, amma fiye da rabin mace-macen an danganta su da karnuka masu kamar fitbul da wani jinsi da ake kira rotwaila. Wannan lissafi ne na gaske, ba a share shi da baki. Amma su kansu masu rahoton sun ja kunne cewa ba wanda ya san adadin kowane jinsi a ƙasar, kuma sau da yawa sunan jinsin daga bakin shaida ko ɗan jarida aka ɗauko shi. Mu 'yan jarida a nan muna da namu laifin. In karen unguwa ya ciji mutum, ba labari ba ne. In aka ce fitbul ne, sai ya hau kanun labarai.

Binciken da ya fi amfanar mu shi ne wanda aka buga a 2013 a mujallar ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka. An bi diddigin mutane 256 da cizon kare ya kashe daga 2000 zuwa 2009, an tambayi 'yan sanda da masu bincike yadda abin ya faru. A kashi 87 cikin ɗari, babu wani babba mai ƙarfi a wurin da zai kawo ɗauki. A kashi 85, wanda aka kashe ba wanda karen ya saba da shi ba ne. A kashi 84, ba a yi wa karen fiɗiya ba. A kashi 76, kare ne da aka ware shi can bayan gida ko a ɗaure, ba ya cuɗanya da mutane. Jinsin karen kuwa, a ƙasa da kashi 20 cikin ɗari ne kawai aka iya tabbatar da shi da hujja. Ka sake karanta jerin nan a hankali, sannan ka tuna da abin da Alhaji yake shirin yi: namijin kare, ɗaure a bakin sito, ba kowa a wurin da rana tsaka, yara baƙi na wucewa. Kusan duk abin da aka lissafa ya haɗu a wuri ɗaya.

Hausawa na cewa hali zanen dutse. A kan kare, masana sun ce zanen bai yi zurfin da muke zato ba. A 2022 mujallar kimiyya ta Science ta buga bincike a kan karnuka sama da 18,000, an kuma duba ƙwayoyin halittar fiye da 2,000 daga ciki. Aka gano jinsi yana bayyana kimanin kashi 9 cikin ɗari ne kawai na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Ba wai gado ba ya aiki ba, yana aiki, amma cikin jinsi ɗaya za ka samu mai haƙuri ka samu mai zafin kai, kamar yadda uwa ɗaya ke haifar 'ya'ya kowa da halinsa. Halin uwar kwikwiyon da ubansa ya fi gaya maka gaskiya fiye da sunan da mai talla ya laƙaba masa.

Wani misali da ya girgiza Amurka: a 2007 aka kama wani shahararren ɗan ƙwallon ƙasar, Michael Vick, da gidan faɗan karnuka a jihar Bajiniya. Aka ƙwace karnuka wajen hamsin, waɗanda aka haifa aka kuma rena domin faɗa kawai. A da, irin waɗannan kashe su ake yi gaba ɗaya. Wannan karon kotu ta sa aka duba su ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu aka bar su da rai, da dama suka ƙare rayuwarsu a gidajen mutane lafiya. Amma kar ka manta da ɗaya gefen: ƙwararru ne suka yi aikin, da kuɗi da lokaci, wasu karnukan kuma har suka mutu ba a yarda a ba kowa su ba.

Gwamnatoci ma sun rabu biyu kamar masu bugo mana waya. Ingila ta yi dokar karnuka masu haɗari a 1991, ta hana fitbul da wasu jinsi uku, a ƙarshen 2023 kuma ta ƙara wani ɗan'uwansa mai girma da ake kira XL Bully. Faransa ta yi tata a 1999, ta kasa irin karnukan nan gida biyu, ta hana saye da sayarwa da shigo da na rukunin farko. Maroko ta yi doka a 2013, Masar a 2023. Holan kuwa ta hana fitbul a 1993, bayan shekara 15 ta soke dokar a 2008, saboda ba ta ga cizon ya ragu ba. A ganina, hana suna kaɗai ba ya hana cizo, domin mutumin da ke son kare don a ji tsoronsa, in ka hana shi wannan zai nemo wani. Amma kai ɗan kasuwa mai tsallaka iyakoki, ko ka yarda da dokar ko ba ka yarda ba, ka san tana nan, kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Kare ba kwalin taliya ba ne. Ana neman katin rigakafin haukan kare da takardar lafiya daga likitan dabbobi, kuma ofishinsu ne wurin tambaya kafin ka ɗora shi a mota, ba bayan duwan sun tsayar da kai ba.

To, mu dawo gida. Wani dattijo makiyayi da ya bugo daga wajen Ingal ya ba ni dariya. Ya ce: “Ɗana, mu da muke da oska, me za mu yi da karen da bai san rana ba?” Na ce Baba, ka gama shirin. Oska shi ne siririn karen nan mai dogayen ƙafafu na Abzinawa, wanda Turawa suka ɗauka a shekarun 1970 suka kai ƙasashensu, suka sa masa sunan kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali. Yau a can kuɗi ne mai yawa, babbar ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka ma ta karɓe shi cikakken jinsi a 2019. Mu a nan muna jifansa da dutse, muna sayen nasu da tsada.

Ka dubi yadda oska ke tashi a zango. Tun idonsa bai gama buɗewa ba yana jin warin awaki, yara na ɗaukarsa, mata na zuba masa ragowar nono da fura. Ya san kowa na gidan, ya san baƙo. In dila ya zagayo da dare ko wani ya doso tanti, haushi yake yi ya tashi mutane, shi da 'yan'uwansa. Aikinsa ke nan, ya sanar, ya kora. Mutane ne ke ƙarasa sauran. A tsaunukan Atlas akwai nasu mai gashi da ake kira aidi, shi ma gadin tanti da dabbobi ne aikinsa. A Namibiya tun 1994 wata ƙungiyar kare namun daji take raba wa makiyaya manyan karnukan kiwo na Turkiyya, ana sa kwikwiyo cikin garke tun yana ɗan wata biyu, ya tashi yana ganin awakin nan 'yan'uwansa ne. Duk waɗannan an zaɓe su ne don su zauna da dabba lafiya. Fitbul an zaɓi kakanninsa don su kama dabba. Ko ya zama mai kirki da iyalinka, sa shi gadin garke kamar ɗora wa raƙumin tsere buhunan gishirin Bilma ne, ba aikinsa ba ne. Ga gajeren gashi: zafin In Gizzam da rana ya gallabe shi, sanyin Tamanrasat na watan Janairu da dare ya hana shi barci.

Saura maganar sito, kuma a nan ne zan ɗan daɗe, domin abin da nake gani a garuruwanmu ke nan, ko fitbul ne ko karen unguwa. Mutum ya sayi kare, ya ɗaure shi da sarƙa mai taku biyu a jikin tsohuwar taya, ya hana kowa kula shi, wai don ya yi zafi. Wani har yunwa yake bar shi da ita, wani ya riƙa dukansa, wani ya zuba masa barkono a abinci. Yara su zo wucewa su jefe shi, shi kuma ba hanyar gudu. Dabbar da ba ta iya gudu, me ya rage mata in ba cizo ba? Wani bincike da aka yi a birnin Denba na Amurka a 1994 ya nuna karen da ake ɗaurewa ya fi yiwuwar cizo kusan ninki uku. Kuma wannan zafi da ka cusa masa ba ya tantance ɓarawo da almajiri. Ɓarawo ma ya fi kowa sanin dabara, ya jefa masa nama mai guba ya jira. Ranar da sarƙar ta tsinke, wanda ke kusa yaro ne da allonsa, ko 'yar maƙwabta da aka aika kai abinci, ko lebura da ya zo sauke kaya bai san da kare ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masana sun ce daga mako 3 zuwa kamar mako 12 na rayuwar kwikwiyo shi ne lokacin da yake koyon wane ne nasa, wane ne abin tsoro. Wanda ya wuce wannan lokaci a cikin kwali ko ɗaki mai duhu, gyaransa sai an sha wuya.

In ka ce duk da haka kana son kare mai ƙarfi, to ka ga uwarsa da idonka, ka ga yadda take karɓar baƙo. Mai tallar da ya ƙi nuna maka ita, ka bar masa kayansa. Ka yi katanga ko shinge mai tsawo da ƙofa mai rufuwa, kare ya sake a ciki, da inuwa da ruwa, maimakon sarƙa. Ka kai shi a yi masa fiɗiya, yana rage yawon bin karya da faɗa da maza. In za ka fita da shi cikin mutane, igiya a hannun babba, da takunkumi a baki. Jaki ma muna sa masa takunkumi don kar ya ci hatsin mutane, balle abin da ke iya cin naman mutum. Kada ka bar yaro da kare su biyu, ko da kuwa tare suka tashi. Kuma dole a samu mutum ɗaya da karen ya sani yake jin maganarsa kullum. Kai da kake kwana goma a hanyar Arlit, wa ka bar wa shi?

Yaranku kuma ku koya musu tun yau. Ba a taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. In kare ya sandare, ya kafe ka da ido, gashin bayansa ya tashi, ba wasa yake ba, ko da wutsiya na motsi. In ya taho, kar a ruga da gudu ana ihu, gudu ne ke tayar masa da son kamu. A tsaya cak kamar turke, hannuwa a jiki, ido a gefe. In ya kayar da kai, ka dunƙule ka rufe wuya da fuska da hannuwa.

Ga abin da na fi so ka tafi da shi wajen iyalinka. Muna ta zancen fitbul, amma karen da ya fi kashe mutane a nahiyarmu ba shi da suna, ba shi da hoto a waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan ba mai tashi. Amma kafin su bayyana ana tare shi. In kare ya ciji mutum ko ya yaƙushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a duba agogo, sannan a nufi likita a ranar domin allura. Kar a tsaya shafa toka ko gashin karen, kar a ce ai ɗan ƙwarzane ne. In karen na gida ne a tsare shi a sa masa ido kwana 10 zuwa 15, a kuma sanar da likitan dabbobi, amma ba a jiran wannan kafin a fara allurar. Raƙuma da shanu da awaki su ma suna kamuwa, ka ga asarar biyu ce. Kwikwiyo yana karɓar rigakafinsa daga wata 3, ana kuma maimaitawa. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki rigakafi, ciwon yana yankewa. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da wannan ciwo a duniya.

Tunda mun zo nan, bari in ƙara ɗaya da mahauta da masu layya suka sani. Hanta ko huhun dabba da ka gani da ƙululun ruwa a jiki, kar ka jefa wa kare. Ka ƙona ko ka binne da zurfi. Tsutsar tana girma a cikin hanjin kare, ƙwanta ya fita da kashinsa, ya koma wa dabbobi da mutane, a mutum kuma sau da yawa sai an yi tiyata.

Wasu sun tambaya ta fuskar addini. Ni ba malami ba ne, amma abin da malamanmu ke karantarwa sananne ne: an yi rangwame a ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona, kuma hadisi ya zo da labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ajiye shi don a yi taƙama a unguwa, ko a haɗa shi faɗa ana caca, ko a azabtar da shi da yunwa, wannan ka tambayi limaminku ka ji abin da zai ce maka. Ta fuskar hukuma kuma, dokar farar hula ta Aljeriya, a sashe na 139, ta ɗora alhakin ɓarnar da dabba ta yi a kan wanda take hannunsa, ko ba shi ne mai ita ba, ko da kuwa ɓacewa ta yi ko ta kuɓuce. Wato cewa “ai sarƙar ce ta tsinke” ba lallai ta fisshe ka ba. Yaron shagon da aka bar wa kare shi ma ya ji wannan.

Abin da na gaya wa Alhaji a ƙarshen shirin shi ne, kuɗin kwikwiyon da na naman da zai ci a shekara, ya haɗa ya sayi ƙofar ƙarfe da fitila mai aiki da hasken rana, ya ɗauki maigadi. In yana son haushi da dare, ya nemi kwikwiyo daga zangon da ya sani, ya rene shi tare da awakin maƙwabcin nasa, a yi masa allura. Ya yi dariya ya ce zai yi shawara da mai awakin. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ci gaba da maganar rigakafin dabbobi kafin tafiyar rani, duk mai tambaya ya shirya ta, layi zai buɗe bayan sallar isha'i.